Tokar da Ta Zama Gida

A shekarata ta biyu a jami'a
aka damƙa mini guduma mai tsinin baki,
da ɗan gilashin ƙara girma na ratayawa a wuya,
da littafi mai rawayan bango wanda ruwa ba ya ci.
Farfesa Zegarra ta ce, "Dutse ba ya ƙarya,
sai dai ba ya tanka wa mai gaggawa."

Na yi dariya a ciki.
Ni, Nelida, da na tashi a bakin ramin fasa dutse,
inda babana Fermin ke saran farin dutsen Arekipa
tun kafin a yanke mini cibiya?
Ƙurarsa ce kwallina na farko,
ita ke ƙaras-ƙaras a haƙori in muna cin dankali.
Wa zai koya wa kifi iyo?

Sai wata Laraba a ɗakin gwaji
aka yanko ɓalli, aka yi ta goga
har ya fi ɓawon albasa siranta,
haske na ratsa shi.
Na sunkuya, na leƙa ta madubi.
Tarkacen gilashi na gani, birjik,
wasu kamar ƙayar kifi, wasu kamar jinjirin wata.
"Toka ce," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.
"Gajimaren wuta ne ya gangaro,
ya cike kwari, ya kwanta, ya huce,
shekara miliyan da ɗoriya."

Na fito titi jiri na ɗibata.
Majami'ar da aka yi mini baftisma, toka.
Bankin da ya hana mu rance, toka.
Bangon da nake jingina in yi bitar karatu,
toka ce da ta gaji da tafiya.

Ran Asabar na hau mota zuwa rami.
Na tarar da shi fari fat, har gashin ido.
Na zazzage masa duk abin da na haddace,
da sunaye masu tsawo kamar igiyar rijiya.
Ya saurara. Ya ɗauki ƙarfe ya ƙwanƙwasa bango.
"Kin ji? Wannan ya nuna."
Ya matsa sama, ya sake bugu.
"Wannan ɗanye ne, ruwan shekara uku zai cinye shi."
Shafi goma sha ɗaya na littafina
ya faɗe su da bugu biyu.

"To wa ya hura wutar?" ya ce.
Na nuna wajen Chachani:
"Ana jin murhun na can ƙasa, an binne shi."
Ya juya ya dubi Misti,
tsaye a kan gari da ɗan farin rawanin ƙanƙara.
"Wancan fa?"
"Barci yake yi, Baba."
Ya tofa yawu a tafi, ya kama guduma.
"Ni ma nakan yi."

Yanzu aikin kammala karatu nake.
Ina bin busassun koramu da ma'auni,
ina zana inda taɓo zai bi in dutse ya farka.
Kore ga mai sauran lokaci,
ja ga wanda ba zai tsaya neman takalmi ba.
Jiya alƙalamina ya gangara, ya gangara,
ya tsaya a kan wani ɗan murabba'i
da na san ƙofarsa shuɗiya ce,
da tukunyar fure a hagu:
gidan gwaggona Hermelinda.
Babana ne ya sara mata duwatsun, kyauta.

Na daɗe riƙe da jan alƙalami.
Na sake awo. Na sake.
Sannan na shafa ja,
na naɗe taswirar,
na tafi neman motar unguwarsu.